AMOSANIN KAI DA NA FUSKA: ME KE KAWO SHI, MENE NE MAGANINSA?

Ga mu kuma a wannan mako da amsoshin wasiƙun da muka karanta a rediyo, mun buga su a nan saboda wanda bai samu ya saurara ba, da kuma wanda ya saurara amma yana son ya ajiye takardar ya riƙa dubawa. Wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, don haka muka haɗe su.

Ta farko daga wani mai shayi ce a ƙasar Gumel. Ya ce shekara uku ke nan kansa yana zubar da wani farin abu kamar dusa, ga ƙaiƙayi, yanzu kuma abin ya sauko masa gira da gefen hanci da gemu, har wuraren sun yi fari-fari. Masu shan shayinsa sun fara raguwa, wasu ma suna raɗe-raɗin wai kuturta ce. Ta biyu wata baiwar Allah ce daga ƙasar Maraɗi, jaririnta ɗan wata biyu ya yi wani ɓawo rawaya mai maiƙo a tsakar kai, kakarsa kuma ta hana a taɓa wurin saboda maɗiga. Ta uku wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli ce daga Funtuwa, wadda ta ce kullum tana cikin shafa wa kanta man shanu da man gyaɗa, amma da ta yi kitso kwana uku sai farin garin nan ya cika tsagar kitson.

To, kun san dai ba a duba mara lafiya ta wasiƙa. Amma yadda kuka kwatanta abin, dukanku uku ya fi kama da ciwo ɗaya, watau amosanin kai. Idan ya tsaya a kai kawai yana zubar da gari, shi ne amosanin da kowa ya sani. Idan ya yi ƙarfi har fata ta kumbura, ta sauya launi, ya bazu zuwa fuska da ƙirji, likitoci suna kiransa seboriyik damataitis, ma'ana kumburin fata a wuraren da ke da maiƙo. Ciwon ɗaya ne, ƙarami da babba. Kada kuma sunan ya ruɗe ku da amosanin ƙashi ko na gaɓoɓi. Suna ne kawai ya haɗa su, ba su da wata dangantaka, kuma jiƙon da ake sayarwa a kasuwa a ce yana wanke amosani daga jini ba ya taɓa na kai.

Bari mu fara daga tushe. A ƙarƙashin fatar ɗan Adam akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani, aikinsu shi ne su riƙa fitar da maiƙo ta kafar gashi don kada fata ta bushe. Sun fi yawa a fatar kai, da goshi, da gira, da gefen hanci, da bayan kunne da cikinsa, da tsakiyar ƙirji, da tsakanin kafaɗu. A tafin hannu da tafin ƙafa babu su sam. Ku lura, wuraren da muka lissafa su ne daidai inda amosani yake fitowa, kuma ba ka taɓa ganinsa a tafin hannu.

A kan wannan maiƙo akwai wata ƙwayar halitta da take rayuwa, dangin yis ɗin nan da ake kwaɓa fanke da burodi da shi. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Malassez ya gan ta a madubin likita cikin garin amosani a 1874, shi ya sa aka sa mata suna Malaseziya. A 1887 kuma wani likitan fata na birnin Hambug a Jamus, mai suna Unna, ya bayyana ciwon filla-filla, ya ware shi daga sauran cututtukan fata. An daɗe ana gardama ko ƙwayar ce ke kawo ciwon ko kuwa zama kawai take yi a wurin, sai a shekarun 1980, da aka samu magungunan da ke kashe ta, aka ga cewa da zarar ta ragu ciwon yana lafawa, da ta dawo kuma shi ma ya dawo.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, wannan ƙwaya tana jikin kowane baligi, mai amosani da mara shi, sarki da talaka. Ita ba ta iya haɗa wa kanta kitsen da take bukata, dole sai ta ci na jikinmu. Idan ta ci maiƙon, sai ta bar wani saura mai yaji-yaji a kan fata. Fatar wani ba ta damuwa da shi. Ta wani kuwa sai ta fusata, ta yi ƙaiƙayi, ta shiga sauri. A ƙa'ida fatar mutum tana sabunta kanta ne cikin kamar wata guda, tsohuwar tana kakkaɓewa a hankali ba wanda ya gani. A wurin mai amosani kuwa cikin 'yan kwanaki take yin wannan aiki, sai ta zubo ɗanya, a manne da juna, shi ne garin da kuke gani a kafaɗar riga da cikin hula. Ke nan abu uku ne ke haɗuwa: maiƙo, da ƙwayar, da irin fatar da Allah ya ba mutum. Na ukun nan shi ya sa za ka ga wa da ƙane suna kwana ɗaki ɗaya, suna aski wurin wanzami ɗaya, ɗaya na fama ɗaya ko a jikinsa.

Daga nan, malam mai shayi, ga amsar abin da ya fi damunka. Amosani ba a ɗaukarsa. Ba a ɗauka ta hula, ko mataji, ko matashin kai, ko musafaha, balle ta kofin shayi. Wanda kake tsoron ka shafa wa ƙwayar, tana jikinsa tun tuni. Kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba, ko da yake daɗewa ba a wanke kai ba yana ƙara masa ƙarfi, tun da maiƙo na taruwa. Kusan rabin manyan mutanen duniya suna samun amosanin kai a wani lokaci na rayuwarsu. Mai ƙarfin nan da ke sauka fuska kuwa bai cika wuce mutum 1 zuwa 5 cikin 100 ba, kuma ya fi kama maza. Yakan fara ne bayan balaga, lokacin da jakunkunan maiƙon suka farka, ya kuma fi addabar mutane daga shekara 30 zuwa 60. Shi ya sa yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ba kasafai yake amosani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maganar farin da fuska ke yi tana bukatar mu ɗan tsaya. A jikin Bature wurin ja yake yi. A baƙar fata irin tamu kuwa jan ba ya fitowa sosai, sai dai ka ga wurin ya yi haske ya fi sauran fuska, wani lokaci da zagaye-zagaye a bakin gashin goshi ko a kumatu, wani kuma nasa duhu yake yi. Wannan hasken ne ke tsorata mutane. To, ga yadda ake bambantawa. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, ba ya zubar da gari, kuma mafi yawa wurin a mace yake. Mutum ya rufe ido, wani ya ɗauki 'yar auduga ya shafa wurin: idan yana jin shafar kamar yadda yake ji a lafiyayyar fata, ga ƙaiƙayi, ga gari mai maiƙo, to alamu sun tafi ga amosani. Idan kuwa ba ya ji, ya tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma kada ya ji kunya, domin kuturta tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, wanda tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta. Shi kuwa farin amosani, idan an yi magani launin fata yana dawowa, sai dai yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Garin yakan riga farin tafiya, saboda haka kada ka ga fari bai tafi ba ka ce magani bai yi ba.

Akwai abubuwan da ke tayar da shi. Da yawa za su gaya maka da hunturu ya fi tashi, lokacin da iska ta bushe, ga sanyi yana sa mutum ƙyuyar wanke kai. Gajiya da rashin barci da damuwar zuci su ma suna tayar da shi ƙwarai, shi ya sa manomi yakan ga nasa ya motsa lokacin da aikin gona ya yi tsanani, ɗan kasuwa kuma lokacin da bashi ya hana shi barci. Shan giya yana ƙara shi. Hula ko rawani ko ɗankwalin da ya sha gumi da mai aka daɗe ba a wanke ba, shi ma ba ya taimakawa. Game da abinci kuwa, likitoci ba sa hana mai amosani cin gyaɗa ko ƙwai ko nama, kada wani ya sa ka ƙaurace wa abinci mai gina jiki a banza. Hasali ma rashin abinci mai kyau yana iya kawo ƙuraje masu kama da shi a gefen hanci da baki.

Wani abu kuma da za mu faɗa, amma muna roƙon a fahimce mu da kyau. Amosani mai tsanani yana yawa ga masu ciwon karkarwa na tsufa, wanda likitoci ke kira Fakinsan, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da kuma waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Cikin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, daga 3 har zuwa 8 cikin 10 suna samunsa. Wannan ba ya nufin duk mai amosani yana da ƙanjamau, ko kusa. Mafi yawan masu amosani lafiyarsu ƙalau, kuma zunubi ne ka ga gari a girar maƙwabcinka ka fara yaɗa magana. Amma idan abin ya zo wa mutum farat ɗaya da ƙarfi, ya mamaye fuska da ƙirji da hammata da matsematsi, ya ƙi jin magani, musamman in akwai rama ko zawo ko zazzaɓin da ya ƙi ƙarewa, to hikima ita ce ya je a gwada jininsa. Gwajin 'yan mintoci ne, a asirce ake yi, kuma wanda aka samu da ita ya fara shan magani, har amosanin ma yakan lafa.

Yanzu sai magani. Gaskiyar da mai sayar da magani a bayan mota ranar kasuwa ba zai gaya maka ba ita ce, amosani ba ya warkewa a rabu har abada. Ana danne shi ne, kamar ciyawa a gona: ka yi noman farko, ka yi maimai, in ka saki ta dawo. Amma dannewar ba ta da wuya, kuma wanda ya bi ƙa'ida yana iya shekara ba wanda ya san yana da shi.

Babban makami shi ne shamfu, watau sabulun ruwa na wanke kai, mai ɗauke da maganin da ke kashe ƙwayar. Wanda aka fi dogara da shi shi ne mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, wanda aka fi sani da Nizoral, ko da yake akwai na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. Akwai kuma mai seleniyam, irin su Selsun, mai ɗan warin farar wuta. Head & Shoulders da ire-irensa suna isar wanda nasa bai yi ƙarfi ba. Ku saya a kemis mai rajista, a Nijeriya ku duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ku duba ranar da zai lalace.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen wankewar. Sai mutum ya zuba, ya cuɗa, ya ɗauraye nan take kamar mai wanke hannu, sa'an nan ya ce maganin jabu ne. A'a. Za ka jiƙa kai, ka zuba kamar cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, ka murza da tsokar yatsu, ba da farce ba, har ya taɓa fatar kai, domin fatar ce ba ta da lafiya, ba gashin ba. Sa'an nan ka bar kumfar minti 3 zuwa 5. In ba agogo, ka cuɗa sauran jikinka tukuna, ka dawo ka ɗauraye kai daga ƙarshe. Haka za ka yi sau 2 a mako, har mako 2 zuwa 4. Idan ya lafa kada ka yar da kwalbar, ka koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu, wannan shi ne maiman da ke hana shi dawowa. Kumfar ketokonazol ɗin nan kana iya shafa ta a gemu da gira da bayan kunne da ƙirji, ka kiyaye ido kawai. Mai seleniyam kuwa kada a sa shi a kan fatar da ta fashe ko aka sosa ta yi rauni, kada kuma a sa wa ƙananan yara. Rage suma da gemu yana taimakawa, don magani ya fi isa fata, amma aski kaɗai ba magani ba ne. Mai ƙwal-kwabo ma yana amosani.

Na fuska da ƙirji, ana shafa man ketokonazol, ko kulotirimazol wanda aka sani da Canesten, ko mikonazol, safe da yamma, siriri, har mako 2 zuwa 4. Idan wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi sosai, ma'aikacin lafiya yana iya ƙara maka haidirokotizon kashi 1 cikin 100, na mako ɗaya ko biyu, daga nan a tsaya.

A nan ne muke son ku buɗe kunne. Haidirokotizon shi ne ƙaramin ɗa a cikin wani gidan magunguna masu kwantar da kumburi. Yayyensa masu ƙarfi, irin su kulobetasol da betametazon, suna nan cike da kasuwa, a cikin 'yan bututun nan da ake cewa mai aiki uku, da kuma cikin mayukan bilicin. Ka shafa yau, jibi fuska ta yi sumul, ka ce ka samu magani. Ka daina, abin ya dawo ya fi da, ka sake saye. A haka mutum zai shekara yana shafawa, har fatar fuskarsa ta yi siriri kamar ledar ƙanƙara, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, wani wurin ya yi baƙi ƙirin. Kusa da ido kuma yana iya jawo yana ko hawan jinin ido, wanda ke makantarwa. A ganinmu, ɓarnar da waɗannan mayuka suke yi wa fuskokin jama'a ta fi ta amosanin kansa nesa ba kusa ba. Suna da amfaninsu a hannun likita, a fatar kai mai kauri, na 'yan kwanaki. Amma ba na fuska ba ne, ba kuma na jarirai ba. Wanda ya riga ya daɗe yana shafawa, ya je a nuna masa yadda zai janye a hankali, domin yankewa rana ɗaya tana sa fuska ta yi bore.

Haka kuma kada kowa ya sayi ƙwayar ketokonazol ta haɗiya don amosani. Tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taka mata birki saboda tana lalata hanta. Na wankewa da na shafawa ba su da wannan illa, don ba sa shiga jini sosai. Idan ciwon ya gagari shamfu da mai, akwai wasu ƙwayoyin da wasu mayukan da likitan fata yake rubutawa, har da wani sabon maganin shafawa mai suna rofulumilas da aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2023, amma wannan hukuncin likita ne bayan ya gani da idonsa.

Sai ke, malama mai ƙuli-ƙuli. Mun san dalilin da ya sa kike shafa mai: kin ga gari, kin ɗauka bushewa ce. Haka kusan kowa yake ɗauka, kuma ranar da aka shafa man garin yakan kwanta, sai a ce ya yi magani. To amma tuna abin da muka ce ƙwayar nan take ci. Kitse. Masu bincike ma idan suna son su raya ta a ɗakin gwaji, man zaitun suke zuba mata. Ke nan man gyaɗa da man shanu da man zaitun da kike ɗura wa fatar kai, tuwo kike tuƙa mata. Ba mu ce ki bar gashinki ya bushe ya karye ba. Ki shafa man a jikin gashin, daga tsakiya zuwa baki, ki bar fatar. In dole sai kin sa wani abu a tsaga, ɗan basilin kaɗan ya fi, domin shi daga man fetur ake samunsa, ƙwayar ba ta iya cinsa.

Mun kuma san mace ba za ta tsefe kai sau biyu a mako ba, ga aiki ga kuɗin kitso. Abin da zai yiwu shi ne, a watan farko ki daure ki wanke sau ɗaya kowane mako, ki bar kumfar ta cika minti 5, ko da kitson a kai ne, ki bi tsaga-tsaga da yatsa. Ki yi kitso manya waɗanda ba a ja su da ƙarfi ba, ki bari kai ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali. Shamfun maganin yana busar da gashi, saboda haka fata za ki nufa da shi. Kitson da zai yi wata biyu ba a wanke ba, da man saiti mai ƙuna da ake miƙar da gashi da shi, ki ɗan haƙura da su har kan ya lafa. Amosani shi kansa ba ya sa sanƙo. Susa da jan kitso ne ke karya gashi, kuma in ba a bari abin ya daɗe ba yana tsirowa.

Akwai abubuwan da muke ji ana zubawa a kai waɗanda ba mu san wa ya fara koya wa mutane su ba: kananzir, baƙin man mota, ruwan batir, omo, har da fiya-fiya da maganin feshin gona. Don Allah a bari. Maganin ƙwari yana ratsa fatar kai ya shiga jini, ballantana fatar da aka sosa, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Sabulun salo yana wanke maiƙo, ba laifi a yi wanka da shi in bai yi wa mutum kaifi ba, amma ba ya kashe ƙwayar.

Maman jariri, ke kam ki kwantar da hankalinki, naki ya fi na kowa sauƙi. Jariri yana zuwa duniya da sauran sinadaran jikin uwarsa, su ne ke sa jakunkunan maiƙonsa su yi aiki kamar na babba a watannin farko. Shi ya sa ɓawon yake fitowa daga mako na 2 ko na 3 zuwa wata 3, a tsakar kai, wani lokaci har gira da bayan kunne da wuya da wurin ƙunzugu. Ba nononki ne ya ɓaci ba, ba kuma wani abu kika ci ba. Ba ya yi masa ƙaiƙayi, ba ya hana shi barci ko shan nono, kuma yakan tafi da kansa kafin yaro ya cika shekara. In kina son ki taimaka, ki shafa ɗan basilin a wurin da dare, da safe ki wanke da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulun jarirai, ki goga a hankali da tsumma mai laushi. Abin da ya fita ya fita, wanda ya ƙi ki bar shi sai gobe. Kada ki ɓamɓare da farce ko tsinke. Ko ɗan gashi ya biyo ɓawon, zai sake fitowa. Kakarsa tana da gaskiya da take tattalin maɗiga, amma ki gaya mata cikin ladabi cewa akwai fata mai ƙarfi a ƙarƙashin wurin, wanki a hankali ba ya cutar da ita. Abin tsoro game da maɗiga daban ne: in ta faɗa ciki yaro yana zawo, ruwan jikinsa ne ya ƙare, in kuma ta kumbura ga zazzaɓi, dukansu biyu na gaggawa ne. Shi kuwa ɓawon, a kai yaro asibiti idan ya fara ruwa ko wari ko jini, ko ya bazu duk jiki, ko yaron yana zawo ba ya ƙara nauyi. Idan kuma yana ta mutsu-mutsu yana kuka saboda ƙaiƙayi, to wataƙila ba wannan ba ne, a duba ƙazwa ko wani ciwon fatar.

Mun ce za mu dawo kan yara 'yan makaranta. Idan ka ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 12 da farin gari a kai, gashi yana karyewa yana barin fili zagaye-zagaye, wani lokaci da kaluluwa a bayan wuya, kada ka ce amosani ne. Mafi yawa makero ne, kuma shi ana ɗauka, ta aska da almakashi da mataji da hula, shi ya sa yake bin 'yan ɗaki ɗaya da almajiran tsangaya ɗaya. Shamfu da man shafawa kaɗai ba sa warkar da shi, don ƙwayarsa tana cikin gashin, sai an haɗa da maganin sha, irin girisofulbin, na mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. In aka bar shi ya yi ƙurji, yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba.

Kyasbi kuwa, mai fitowa ɗigo-ɗigo a wuya da ƙirji da baya, ɗan'uwan amosani ne na jini, dangin ƙwaya ɗaya ke kawo su, kuma shamfun nan guda yana maganinsu duka. Akwai kuma wani ciwo da likitoci ke kira soriyasis, wanda ɓawonsa ya fi kauri da bushewa, yana da iyaka a fili, kuma yakan fito har a gwiwar hannu da ta ƙafa ya ɓata farce. Shi maganinsa daban. Dattawa masu rina gemu da baƙin rini su ma su lura: in ƙaiƙayi da kumburi sun biyo bayan rinin da kwana ɗaya ko biyu, rinin ne bai karɓe su ba.

Saboda haka wanda ya yi wata guda cur yana wanki da shafawa yadda muka faɗa bai ga sauƙi ba, ko kansa ya fara fitar da mugunya, ko fatar idonsa ta yi ja tana ɓawo a gindin gashin ido, ya bar sauya mayuka a kemis, ya tafi asibiti. Ya tafi da duk bututu da kwalaben da ya yi amfani da su a cikin leda, ya kuma bar wurin ba mai na kwana biyu kafin ya je, don mai dubawa ya ga ciwon yadda yake.